Baba Philippe, Mai Mayar da Yara da Yatsunsu Goma

Kafin rana ta fara gasa rumfunan masu yankan kwano a bayan kasuwar Garoua, Baba Philippe ya riga ya jingine kekensa. Ba almakashi yake fara ɗauka ba. Yana da wani maganaɗisu da ya ciro daga tsohuwar rediyo ya ɗaura masa igiya, sai ya yi ta jan sa cikin yashin ƙofar rumfa kamar mai jan akuya, duk wani tsinin kwano da ya faɗi jiya ya manne. Ya ce 'yan makaranta da masu tallan ƙosai ta nan suke bi, kuma silifas ba takalmi ba ne. In ya gama sai ya bi wayar injin yanka da yatsa, ya ɗaga faifan yankan ya duba ko ya tsage, sannan ya ce da yaransa su sa safar hannu.

A tsallaken titi akwai mai kallon wannan duka kowace safiya, kofin shayi a hannu, zuciya na tafasa fiye da shayin. Shi ne Uba, abokin sana'arsa. Gashin su biyun a wannan titin ya yi fari. Da yake Philippe ɗan duwatsun wajen Mora ne, haka Uba ke ɗaga murya ya tsokane shi:

"Mutumin dutse! Ka gama kiwon akuyar taka? Ni har na yanka bokiti uku."

"Jam na, patron? Lafiya dai, maigida? Yanka na huɗu, ina tafe."

"An gaya maka sannu ba ta hana zuwa, amma an ɓoye maka sauran: sai dai a daɗe ba a je ba!"

Gaskiya ɗaya ce, Uba ya fi shi sauri nesa ba kusa ba. Shi da ƙafa yake danne kwano ya bi shi da inji, tartsatsi na zuba a kan yatsunsa yana hira. Mai son murhun gawayi ko akwatin ƙarfe yau-yau, wurin Uba yake zuwa. Philippe kuwa sai ya ɗaure kwano a benci. Duk bakin da ya yanka sai ya bi shi da magagari ko ya naɗe shi, ko da a ƙarƙashin teburin mahauci ne inda ba mai gani. Ba a canza faifai a rumfarsa sai an zare waya daga wuta. Murfin ƙarfen nan da ke rufe rabin faifai, wanda 'yan sana'a ke kira hular inji, ba a taɓa cire shi a wurinsa ba. Ko a tsakiyar bazara, lokacin da zufa ke cika wa yaro tabarau, bai yarda a tuɓe ba. "Doucement, a hankali," yake cewa, "ido ba ya tsirowa."

To in Uba ya fi ciniki, me yake ƙyashi? Ai ba ciniki ne kaɗai ake yi wa hassada ba.

Philippe yana da wata al'ada. Ranar da zai yaye yaron da ya gama koyo, sai ya kira iyayensa, ya tsayar da shi a gabansu, ya ce ya ɗaga hannu biyu ya ware yatsu. Sannan ya ce: "Ku duba da kyau. Yadda kuka kawo mini shi, haka na mayar muku." A sana'ar da kusan kowa ke da dungu ko tabo, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Shi ya sa za ka ga ƙaton magidanci, tsohon yaronsa, ya sauka daga motar Maga da buhun shinkafa da busasshen kifi, ya durƙusa ya gaida shi. Wani daga Meiganga zai aiko da man shanu. Uba yana kallo. Shi ma ya koyar da yara da yawa, amma in sun tafi sun tafi ke nan.

Abin da ya fi ci masa rai kuwa daga cikin gidansa ya fito. Da autansu Ridwan ya isa koyon sana'a, uwarsa Karimatu ta ajiye wa Uba tuwo ta zauna gefe.

"Malam, da za ka yarda, da an kai yaron nan wurin maƙwabcinka."

Uba ya ajiye lomar da ya ɗauka. "Wane maƙwabci?"

"Ka san wanda nake nufi."

"Ɗan Uba, a hannun mai jan maganaɗisu? Ina raye? Me za a ce da ni a kasuwa?"

"Ni ban san kasuwa ba, Malam. Na dai san da yatsu goma na haife shi."

Uba ya rantse ba za a yi ba, Ridwan ya fara aiki a rumfar ubansa.

Abin da ya biyo baya a gaban idon jama'a aka yi shi, mu da muke zaune a bencin mai shayi mun gani. Wata hantsi Uba ya samu aikin ƙofofi, faifansa ya ƙare. Sai ya yi dabarar da 'yan titin nan ke alfahari da ita: ya ɗauko ragowar faifan babban inji ya ɗora a kan ƙarami. Tun da ba zai shiga ba sai an cire hula, ya cire ya jefar. Abin da ba sa lura da shi, ƙaramin inji ya fi babba gudu, faifan kuwa ba a yi shi don wannan gudun ba. Ya sa Ridwan ya tsuguna ya riƙe masa ɗaya gefen kwanon, fuskar yaron saitin faifai.

Philippe bai taɓa shiga rumfar Uba ba tare da an kira shi ba. Ranar ya tsallako, ko safar hannu bai cire ba.

"Uba, mayar da hular nan."

"Koma ka ji da akuyarka."

"Injinka ne, hannunka ne, ban da iko. Amma yaron nan ba zai zauna a nan ba." Ya kama Ridwan ta wuyan riga ya ja shi gefe.

Uba ya ga mutane na kallo. Ya taka kwanon da ƙafa, ya kunna inji don ya nuna ba ya bukatar kowa. Bai yi nisa da yankan ba muka ji ƙara kamar an fasa taya. Faifan ya tarwatse. Ɓari ɗaya ya tafi da yatsu biyu na hannun hagun Uba. Ɗayan ya huda ƙofar kwanon da ke bayan inda Ridwan ya tsuguna, daidai tsayin kan mai tsugune. Hujin yana nan har yau, Uba bai taɓa toshe shi ba. Philippe ne ya zare waya, ya ɗaure hannun da rigarsa, ya rungume shi a bayan mashin har asibiti. Daga ranar zuwa yau ba wanda ya ji ya ce "ai na gaya maka".

Da Uba ya dawo da hannu a naɗe, Karimatu ta sake ɗauko maganar. Bai ce e ba. Cewa ya yi: "Titi na gwamnati ne. Wanda ya ga dama ya tsallaka."

Wa ya ce ƙyashi ya kwanta daga nan? Sai ma ya ƙaru. Yanzu Uba yana zaune yana jin dariyar ɗansa daga tsallake. Yana jin yaron na cewa "Baba" ba da shi ake ba. Har ranar da Ridwan ya kawo masa abinci, ya shafa bakin wani bokiti ya ce, "Baba, wannan bai ga magagari ba," Uba ya kore shi da guduma a hannu. Amma da yamma mun ji kukan magagari a rumfarsa.

Bana idon Philippe ya fara gajiya, ya ce zai koma gonarsa a duwatsun wajen Mora. Aka yi taron sallama a ƙofar rumfa, aka haɗa da yayen Ridwan. Tsofaffin yaransa suka zo, wasu da furfura. Da aka ce Ridwan ya ɗaga hannu, sai dukansu suka miƙe suka ɗaga nasu, ba wanda ya ce su yi. Titi ya cika da tafin hannu, ba dungu ko ɗaya. Karimatu ta rufe fuska da mayafi. Philippe ya miƙa wa Ridwan babban almakashinsa da maganaɗisun, ya juya ga Uba.

"Patron, duba da kyau. Yadda ka bar shi ya tsallako, haka na mayar maka."

Uba ya zaro hannunsa na hagu daga aljihu, ya kama na ɗansa, ya bi yatsun ɗaya bayan ɗaya kamar mai duba kayan da yake fatan samun aibi. Ya daɗe yana dubawa.

"Har gobe hawainiya ce kai," ya ce da Philippe. "Kuma ka bar mini wata hawainiyar a tsallaken titi. Useko, na gode, mutumin dutse."

Baba Philippe, kai ne ka nuna mana gwanin yanka shi ne wanda ya san abin da ba a yankawa. Kai ne ka sha dariyar titi guda ba ka cire hular inji ba. Duk cikinmu ba wanda bai taɓa jin ɗan abin da Uba ke ji ba, don kowa na so in ya tashi tafiya a ɗaga masa hannu haka. Mun gode. Allah Ya kai ka gida lafiya, Ya ba ka damina mai albarka.

Ku kuma masu rumfuna, daga nan har Kousséri: ɗan da aka kawo muku amana ce. Ku ɗaure kwano, ku zare waya, ku bar hula a kan inji. In kuna jin nauyin koya daga wanda kuke ƙyashi, ku zo bayan kasuwa da sassafe. Za ku ga Ridwan yana jan maganaɗisu a nasa gefen. In kuka waiwaya tsallake, za ku ga wani tsoho mai yatsu takwas yana jan nasa, yana gunaguni cewa nasa ya fi kamawa.