Jan Zare a Hammatar Riga

Shekara goma sha ɗaya ina koyar da darasin kasuwanci a makarantar 'yan mata a Gummi, kuma ba shekarar da ban rubuta wa ɗalibai wannan a allo ba: ki saurari mai saye har ya kai aya kafin ki buɗe baki. Har a jarrabawa nakan tambaya. Wadda ta manta in zabga mata jan biro ba tausayi.

In an tashi makaranta kuma sai in koma gida in hau keke. Ɗaki guda na ware a tsakar gida, kekunan ɗinki huɗu, da mata shida masu koyo a hannuna, yawancinsu matan aure da zawarawa. Ina da baki, wannan kowa ya shaida. Ina kuma da doka: ba na ɗinki da rigar awo. A wajenmu mata da yawa ba su zuwa gun tela, sai dai a aiko yadi da tsohuwar riga a ce a yi daidai ita. Ni na raina wannan, ina ganinsa ƙauyanci. Mai kaya ta zo in sa mata tef, in ba haka ba a kai kasuwa.

Ran goma ga azumi, bayan azahar, babbar ɗalibata ta shigo da wata dattijuwa. Ɗalibar nan bazawara ce 'yar Bukkuyum, ta girme ni ma, ita ce mai riƙe mini ɗakin in ina makaranta. Ta ce baƙuwar daga Zugu take, tana zaune wurin dangi a nan garin. Dattijuwar ta durƙusa ta kwance ƙullin leda. Atamfa ce mai ruwan ganye, da wata 'yar riga da ta koɗe har ba a gane kalarta.

"Malama, ta ɗiyata ce. Kayan Sallah nika so a yi mata. A yi awa wagga, amma a ɗan rage faɗi. Ina ga ta rame."

"Ina ga?" na ce. "Inna, ana ɗinki da ina ga? Ki kawo ta in auna mana."

"Ba ta gari."

Ɗalibata ta zuba mini ido, tana roƙona da fuska. Na ɗauka kunyar baƙuwarta take ji, sai na ja tsaki ciki-ciki na karɓa. Dattijuwar ba ta saki rigar nan da nan ba. Ta ce, "Don Allah ki adana mini ita yadda take. Ita ɗai ta rage mini." Na ce to, to, an ji, idona na kan atamfar ina lissafin yadda zan yanka. A raina na ce talaka dai da son tsumma.

Bayan kwana biyu babbar ɗalibar ba ta zo ba, ta kai ɗanta asibiti. Ranar nan darasin fitar da fasalin riga nake yi wa sauran biyar ɗin, kuma yadda nake koyarwa shi ne in farke tsohuwar riga gaba ɗaya, in shimfiɗa gaba da baya da hannuwa a kan takardar siminti, su zana da alli. Na duba ban ga wata tsohuwar riga kusa ba sai ta 'yar Zugu. Na ce ai gyara ma zan yi mata in na mayar.

Da na juya cikinta sai na ga hammatar dama ta taɓa yagewa, an ɗinke da hannu, da jan zare, a riga mai ruwan toka. Ɗinkin ya karkace, wani taku dogo wani gajere, ga ƙulli ƙato a ƙarshe. Na ɗaga shi sama don kowa ta gani.

"Ku taho ku ga aikin ganin dama! Wannan ko kaza ce ta taka zare ai sai haka. Duk wadda ta yi mini irinsa, ta ɗauki mayafinta."

Suka yi ta dariya har ɗaya na riƙe ciki. Ni kuwa daɗi ya kama ni, don ina son a yi dariya in na yi magana. Na sa reza na tsinke jan zaren tsaf, na hure shi ƙasa. Da la'asar aka share ɗakin, aka kai sharar murhu kamar kullum.

Washegari babbar ɗalibar ta shigo ta tarar da rigar gunduwa huɗu, an kafe ta da fil a jikin takarda. Ta tsaya cak a bakin ƙofa. Ta yi salati.

"Malama, mi kika yi?"

Nan ta gaya mini. Wata bakwai ke nan da 'yan bindiga suka tare babur a hanyar Zugu suka shiga daji da yarinyar. Daga baya suka dawo ƙauyen suka sa wuta, ɗakin uwar ya ƙone ƙurmus. Rigar nan tana kan igiyar shanya a bayan gida, ita kaɗai wuta ba ta ci ba. Uwar ba ta son a yi ta yaɗa maganar, shi ya sa ɗalibata ta yi shiru. Kayan Sallar kuma tana so ne yarinyar ta tarar da su in Allah ya dawo da ita.

Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Matan da suka yi dariya jiya duk suka sunkuyar da kai, ba wadda ta kalle ni, kuma da sun zage ni da ya fi mini sauƙi. Na je murhu na tona toka da tsinke, ni da kaina, ina neman zare. Toka ce kawai.

Na haɗa rigar a keke, na bi tsoffin ramukan allura ɗaya bayan ɗaya. Da na zo hammata sai na nemo jan zare na zauna zan kwaikwayi ɗinkin yarinyar. Sau uku ina yi ina warwarewa. Hannuna ya saba, ko na karkata shi sai takun ya fito daidai. A na ukun na tsaya na kalli abin da nake yi: da azumi a bakina, ina shirya wa uwa ƙarya da allura. Na zare shi, na bi wurin da keke da zare mai ruwan toka. Sabbin kayan kuwa ban taɓa zuba wa ɗinki ƙoƙari irin nasu ba, na rage faɗin kamar yadda ta ce.

Ta zo ran jajibere da hantsi. Na miƙa mata riga da zani da ɗankwali a goge, ta shafa ta sa albarka. Sannan ta ce, "Tsohuwar fa?"

Na ba ta. Ba ta duba gaba ko baya ba. Ta juya cikin rigar, babban yatsanta ya tafi kai tsaye hammatar dama. Ta shafa. Ta koma ta hagu, ko ta yi kuskure. Ta sake dawowa dama.

Na shirya gaskiya tun asuba, na yi ta bitar ta kamar mai shiga aji. Amma da na buɗe baki abin da ya fito shi ne, "Inna, ɗinkin ne ya saki, na gyara."

Ta ɗago ta dube ni, ba fushi a fuskarta ko kaɗan.

"Bai saki ba, Malama. Kullum nika duba shi." Yatsan na nan a wurin. "Ran da ta yi shi ma sai da na yi mata faɗa, na ce ya karkace. Ba komai. Naki ya fi kyau."

Ta ninke tsohuwar a hankali ta sa a ƙirjinta cikin mayafi, sabbin kuma ta zuba a leda. A bakin ƙofa ta juyo ta yi mini godiya, ta ce Allah ya raya mini zuri'a. Na ce amin.