Yinin da Na Ɓata Kafin Ruwa Ya Iso Fadamarmu

Edita, shekaru sun ja, kuma mai yiwuwa wasu abubuwan sun cuɗe mini a kai, don haka ba zan rantse a kan kowace kalma ba. A lokacin ban daɗe da gama bautar ƙasa ba, ina koyarwa a wata ƙaramar makaranta a Azare, wayar hannu kuma ta fara shiga hannun mutane. Iyayena suna ƙauyenmu a gefen Katagum, bakin kogi. Ni ne na farko da ya yi jami'a a gidanmu, saboda haka duk abin da aka ji a rediyo ni ake tambaya ko gaskiya ne. Ni kuwa tun ina yaro mai tsoron kuskure ne.

Damina guda kafin abin da zan ba da labari, an yi sanarwa a rediyo cewa ambaliya na tafe, mutanen bakin kogi su kwashe abin da za su iya. Na hau mota na je gida, na tsaya kai da fata sai an yanke shinkafar fadama, alhali ba ta gama ƙosawa ba. Baba ya bi maganata, maƙwabta suka bi Baba. Ruwa bai zo ba. Da aka buga shinkafar, ƙaiƙayi ya fi ƙwaya yawa, gidaje da dama suka ci wuya a shekarar. Abin da ya fi ƙona mini rai, ba wanda ya dawo rediyo ya ce an yi kuskure, balle ya faɗi dalili. Taubashina, ɗan kawuna, ya laƙaba mini suna Malam An-Ce. Ko a kasuwa muka haɗu sai ya tambaye ni da ƙarfi wane ruwa na kawo musu yau, na sha ne ko na wanka.

Da damina ta zagayo, shinkafar Baba ta yi kyau, saura kaɗan a sa mata lauje. Ita kaɗai muka dogara da ita, don rumbunmu ya riga ya ga ƙasa. Ana haka wani abokin karatuna, wanda yake aikin auna ruwa a can sama inda kogin ke gangaro mana, ya turo mini saƙo cewa kogi ya cika fiye da yadda ya taɓa gani, in gaya wa mutanenmu. Sai dai a 'yan watannin nan wayata cike take da saƙonnin ƙarya, daga mai cewa na ci kyauta sai mai cewa akwai lambar da in ka amsa za ka faɗi matacce. Na nemi abokin, layi bai shiga ba. Na kunna rediyo, ba a ce komai ba.

A nan na yi kuskuren da har yau yake damuna. Waya ɗaya ce a ƙauyenmu, ta mai shago, kuma sai ya hau wani suri a bayan gari take samun sabis. Na yi ta kira har na same shi, na ce ya gaya wa Baba wai an ce mai yiwuwa ruwa na tafe, amma ban tabbatar ba, kuma don Allah kada a ce ni na faɗa. Kaina nake karewa, ba shinkafar ba. Mai shago ya isar da saƙon yadda ya fahimce shi, ya ce wa Baba malamin Azare yana gaishe shi, ya ce shi ma bai sani ba. Ba wanda ya ɗauki lauje. Yinin nan ya wuce a banza.

Washegari na shiga aji, na kasa rubuta komai a allo. Na ga cewa idan ban yarda da rediyo ba, ban yarda da waya ba, to ai idona yana nan. Na nemi izini, na ari waya mai ɗaukar hoto wajen wata malama, na nufi wajen Disina, inda ruwan zai fara wucewa kafin ya gangara mana. Mai acaɓan da ya kai ni ya tsaya nesa ya ce shi nan ya kawo. Na shiga da ƙafa. Gonakin dawa sun nutse, sai kawunan kara ke leƙowa, mata na ta jan awaki zuwa tudu. Ruwan ya kai mini cinya a wurin da aka ce mini hanya ce shekaranjiya. A nan na ɗauki hoto, na juyo.

Na isa gida dab da la'asar, ban ko sauya wando ba. Na nuna wa Baba da mutanen da ke wurin hoton. Taubashina ya juya wayar sama da ƙasa, ya ce shi kunun kanwa yake gani a nan, ko kududdufin bayan makarantarmu na ɗauko musu. Aka yi dariya, kuma ban ga laifinsu ba, don hoton dishi-dishi ne. Baba bai kalli wayar ba. Laka ya kalla a jikina, ya tambaye ni ko da idona na gani. Na ce da idona. Ya ce to in tsaya a ƙofar masallaci bayan salla in faɗa da bakina, kuma idan ya ji wai ko wataƙila, shi zai fara tafiya gida.

Bayan salla na tsaya a ƙofar masallacin. Na ce bara labari na ji na kawo musu, ya cuce su, kuma na ɗauki laifin. Na ce yau ba rediyo ba ce, ba waya ba ce, ni ne na shiga ruwan, kuma yana tafe. Wani dattijo ya tambaye ni idan bai zo ba fa. Na ce to su daina jin maganata har abada, amma ni da asuba ina fadama. Ban taɓa yin magana haka a rayuwata ba.

Da safe Baba ya fito da lauje biyu ya miƙa mini ɗaya. Taubashina ya zo da amalankensa, yana cewa ya zo ne kawai ya ga yadda ɗan boko zai yanke yatsa. Wasu gidaje suka biyo mu, wasu suka ce ba za a yi musu sau biyu ba. Muka yi ta yanka muna ɗaure dammuna ana kaiwa tudu. Muna cikin aiki a yini na biyu, da hantsi, ruwa ya fara shigowa ta gefen gangare, a hankali kamar ba komai, kafin azahar ya shafe kunyoyi. Mun tsira da fiye da rabi. Ragowar, wadda yini ɗaya zai ishe mu mu kwashe, muna tsaye muna kallo ta nutse. Waɗanda suka ƙi yanka ba su tsira da ko dami ba, har yanzu ina jin da na yi magana sosai tun farko, da wasunsu sun fito.

Ban koyi yarda da duk abin da na ji ba, kuma ban koyi ƙaryata komai ba, don dukansu biyun sun taɓa cin shinkafarmu. Abin da na ɗaura wa kaina shi ne, duk labarin da ya shafi abincin mutane ko ransu, zan bi shi har inda ƙafata za ta kai, sannan in raba musu abin da na gani da abin da aka gaya mini, in sa sunana a kai. Masu sanarwa kuma, idan kun yi kuskure ku dawo ku faɗa, don shirunku ne ya sa mutanenmu suka toshe kunne ranar da gaskiya ta zo. 'Yan'uwana masu ilimi da ake tambaya a gida, kada tsoron kunya ya sa ku lulluɓe gargaɗi har ya zama gaisuwa.

Waɗanda suka ga ruwan waccan shekarar suna da yawa a Katagum da Disina. Duk wanda ya ga na kauce a wani wuri, ina roƙonsa ya rubuto ya gyara mini, ko da taubashina ne. Na fi son a gyara ni a bainar jama'a da in sake barin wani da wataƙila.