Zinariyar da Ta Mayar da Harbi

Shekara arba'in Baba Maƙeri ya yi a shagonsa mai taga ɗaya, yana buga zinariya har ta koma falle, ta fi ɓawon albasa rashin kauri. Abu ɗaya yake tsoro a duniya: a ce ya yi algus. A gabansa aka rufe shagon mahaifinsa kan wannan zargi, tsohon bai ƙara ɗaga kai cikin mutane ba.

Wata malamar kimiyya daga jami'a ta sayi falle uku a wajensa. Bayan mako biyu ta aiko kiransa.

"Na shiga uku," ya ce wa matarsa. "Sun ga wani abu a ciki."

"Ka saka wani abu ne?"

"Wallahi ban saka ba."

"To me ya kaɗa maka hanji?"

Ya tafi bai karya ba. Ɗakin gwajin duhu ne, an saki baƙaƙen labule, ga wani akwatin dalma mai alamar haɗari.

Malamar ta ce, "Baba, daga akwatin nan muke harba wasu ƙwayoyi da ido ba ya gani, su bugi zinariyarka. Kusan duka suna wucewa salin alin. Amma ɗaya cikin dubbai sai ta yi tsalle ta dawo baya."

Baba ya ce, "Malama, ki rufa mini asiri. Ko ƙwayar tagulla babu a ciki!"

"Haba Baba, zauna. Dawowar nan ita nake so ɗalibaina su gani. Zinariya, kamar kowane abu, da ƙwayoyin zarra aka gina ta. Ƙwayar zarra kuwa kusan duk fili ce, nauyinta ya taru a wata 'yar cibiya a tsakiya. Cikin waɗanda muke harbawa, wadda ta nufi cibiyar ita ke dawowa. Da haka aka gano yadda cikin zarra yake, fiye da shekara ɗari ke nan. Kiranka na yi ka ƙara mini falle biyar."

Ya dubi tafin hannunsa.

"Ni ma jikina fili ne?"

"Har kai, Baba."

Ya riƙe kujera gam, kar ya zurma ta cikinta. Da ya fito, jikin bango ya riƙa bi har titi. Kwana biyu bai taɓa guduma ba. A na uku ya buga falle biyar, ya kai su bakin ƙofar jami'a, ya miƙa wa mai gadi, ya juya da sauri.