Ruwan da Aka Bari a Buɗe

Akwai wani ƙamshi da ƙasa take yi in aka sheƙa mata ruwa da tsakar rana a bazara. Mutane suna son shi, wasu har lumshe ido suke yi. Ni kuwa faɗa yake tuna mini. A gidanmu, duk ranar da wannan ƙamshi ya tashi babu hadari a sama, to Iya ce ta yi aikinta, kuma wata tana can bayan ɗaki tana ƙunƙuni.

Iya kakata ce, mahaifiyar babanmu. A wani ƙauye muka tashi a kan hanyar Mai'aduwa, gida ɗaya da baffana da iyalinsa. Yara ko'ina, wannan na rarrafe, wancan na koyon tafiya. Rijiyarmu tana bayan gari, kuma in zafi ya yi nisa sai an bi layi, guga ya sauka ya dawo rabinsa laka. Ka riƙe wannan a ranka, don ka gane girman ɓarnar da tsohuwar nan take yi.

Tana da wata sandar gora. Da hantsi takan fito ta zaga tsakar gida tana dogarawa. Duk abin da ta tarar a ƙasa da ruwa a ciki, bakinsa a buɗe, ƙwarya ce, baho ne, kwatanniya ce, ba ta tambayar na wane ne. Bakin sanda za ta sa ta tuntsurar, ta kife shi, ta wuce. Randa kaɗai take ƙyalewa, ita ma sai da faifai a baki da dutse a kan faifan. Ba ta bayani, ba ta ba da haƙuri. Mu yara mun ɗauka tsufa ne. Matan gida kuma sun ɗauka mugunta ce, sai dai babu mai bakin faɗa.

Wata bazara matar baffana ta jiƙa gero a kwatanniya za ta yi fura, aka yi sallama a ƙofa ta je amsawa. Kafin ta dawo gero yana cikin yashi, kaji sun rufe shi. Ruwan nan da cikinta tsoho ta ɗauko shi a ka. Ta yi kuka sosai. Da baffa ya dawo daga sharar gona ta kai masa ƙara, shi kuma ya je ya durƙusa a bakin ɗakin Iya. Ina ciki ina shan ragowar kununta.

Ya ce, "Inna, da sai ki kira ta ta ɗauke. Ai yanzu za ta dawo."

 Iya ta ce, "Ni ma yanzu zan dawo na ce. Wuta kawai na shiga ɗaukowa a maƙwabta." Sai ta kama wuyan hannunta ta nuna masa. "Nan ruwan ya tsaya. Kuna da wa, kai da uban yaron nan. Ya fara tsayuwa ke nan. A cikin ruwan na tarar da shi."

Baffa bai san da wannan wa ba, babanmu ma haka. Mace irin ta wancan zamani ba ta zancen ɗan farinta, yana raye ko ya mutu. Baffa ya tashi ya fita. Iya ba ta ƙara maganar ba har ta bar duniya, sandar kuma ba ta huta ba.

To zo ka ga yau. Ɗana yana haya a nan cikin Daura, ya yi karatun da ni ban yi ba, yana aikin ofis. Suna da yaro, bana ya fara takawa. Ruwansu a wurin 'yan garuwa suke saye, a juye a bokitan fenti, irin farare dogayen nan. Wanda ya fara maida bokitin fenti na ruwa, Allah Ya yafe masa. Ƙwarya in yaro ya dafa ta sai ta karkace ta zube. Shi wannan tsaye yake kamar turmi, yaro kuwa kansa ya fi jikinsa nauyi, in ya leƙa ciki sauran jikin binsa yake yi. Ba sai na shiga aji ba na san wannan.

Ran nan na biya in ga abokin nawa, wato jikan. Na zauna a zaure yadda ya kamaci suruki, na yi sallama, matar ɗan nawa ta amsa daga ɗaki ta ce tana zuwa. Ina jin muryarta a waya tana dariya. Na ɗaga labule kaɗan. Ga bokiti an jiƙa wanki, ga mutumin a tsaye a kan yatsun ƙafa, cikinsa a kan bakin bokitin, yana miƙa hannu zai kamo kumfa. Ban san lokacin da na shiga ba. Na fizge shi, na sa ƙafa na hamɓare bokitin, har da na kusa da shi da babu ruwansa.

Kana tsammanin an gode mini? Yaro ya tsala ihu, uwar ta fito ta ga kayanta a ƙasa ta koma ɗaki. Da yamma ɗan nawa ya same ni a gida, yana sosa ƙeya.

"Baba, ai da magana ka yi mata. Shigarta ke nan, yanzu za ta fito."

Na ce masa tashi ka ba ni wuri.  Uwarsa ma, mai ɗakina, ta ɗora nata: "Malam, ka zubar da girmanka. Suruki a tsakar gidan suruka, har da shuri." Girma. To a ajiye mini shi, in na mutu a sa mini a likkafani.

Abin da ya fi ci mini rai, Iya a cikin gidan take, idonta a kan kowace ƙwarya. Yanzu kowa ya kama nasa gida ya rufe da ƙofar ƙarfe, babu tsohuwa a tsakar gida, babu mai zagawa. Yarinya ɗaya da girki da wanki da waya da yaro. Ban ce muguwa ba ce. Iya ma ba muguwa ba ce ranar da ta shiga ɗauko wuta.

Daga baya uwar ɗan nawa ta kawo mini gulma, wai don in ji kunya. Ta ce yanzu da zarar surukar ta ji ƙarar babur ɗina a bakin layi, da gudu take fitowa ta rufe bokitai, ta ɗora wasu a kan dakali, kada tsohon nan ya zo ya yi ɓarna. Wato ba don yaron ba, don ni.

To shi ke nan, na karɓa. Salansar babur ɗin ta fashe tun damina, har na yi magana da bakanike, yanzu na fasa gyarawa. In zan tafi kasuwar awaki ta layinsu nake bi, in zan dawo ma haka, duk da zagaye ne kuma mai ya yi tsada. Ba na shiga, ba na sallama. In na zo daidai ƙofar sai in murɗa shi ya yi ruri, in wuce. Maƙwabtansu sun fara harara ta. Su yi haƙuri, ba na har abada ba ne. Sai yaron ya fi ƙarfin bokitin tukuna.