Takardun Jamus da Na Kai Gidan Ubana

Edita, a lokacin da nake son ba da labari ni amarya ce a Nguru, 'yar masunci daga Gashuwa, ana tsakiyar yaƙin Turawa da Jamus. Mijina akawu ne a kantin wani Balarabe kusa da tashar jirgin ƙasa. Mutum ne mai gajeren wando da doguwar safa, yana saƙala alƙalami a kunne ko da masallaci za shi. A lokacin gani nake babu wayayye kamarsa. Yau in na tuna, tsaki nake yi.

Kayan kantin ta hamada suke zuwa daga Turabulus, a nannaɗe cikin tsofaffin takardu. A cikinsu akwai manyan takardun tallar majigi na Jamusawa, masu hoton sojoji da jiragen sama da mata jajayen baki. Kowa yaga su yake yi ya ƙunsa sabulu, amma mijina ya mai da su dukiya. Yakan kwaso su gida, ya goge su da dutsen guga, ya jera a kan gadona yana yi mini bayani, alhali ko harafi ɗaya na Jamusanci bai iya karantawa ba. Ya ce babu mai irinsu daga nan har Kano. Ranar da na taɓa ɗaya da hannun miya, sai da ya kwana biyu bai yi mini magana ba.

Da aka fara raɗe-raɗin ana kama duk wanda aka samu da kayan Jamus, sai jarumin nawa ya daina barci. Cikina na fari ya tsufa, za a kai ni gida goyon ciki. Ya san babu ɗan dokan da zai kwance kayan mai ciki, sai ya naɗe takardun cikin tabarmata, ya ce in ajiye a gidanmu kada in faɗa wa kowa. Na ɗauka na kai, har ina jin daɗi wai miji ya ba ni amana.

Babana bai san komai ba. Wata ranar kasuwa ya buɗe tabarmar, ya ga takarda mai kauri, ya zari ɗaya ya rufe kwandon bandar kifinsa saboda ƙuda. A kasuwa wani ɗan doka ya gane tambarin Jamus a jikinta. Aka zo aka kwashe sauran, aka ɗaure tsohon da igiya a ƙugu, aka tasa shi a ƙasa har Nguru, ni kuwa ina kwance da ɗanyen jego.

Kawuna ya bi su, shi ya ba ni labarin abin da ya faru a gaban Baturen da ya yi shari'ar. An kira mijina saboda takardun sun yi kama da na kantinsu. Babana ya dube shi ya ce, "Ɗana, gaya musu ni kifi kawai na sani." Mijina ya sunkuyar da kai bai ce uffan ba. Da kawuna ya tare shi a waje, sai ya ce wai kunyar suruki ce ta hana shi buɗe baki a gaban Baba. Kunya! Mutumin da bai ji kunyar ɓoye kayansa a bayan mai ciki ba.

Babana ya sha ɗauri har ruwa ya janye, lokacin kamun kifi ya wuce. Ya dawo a rame, ga shatin igiya a ƙugunsa, kuma bai taɓa tambayata yadda takardun suka shigo gidansa ba. Wannan shirun ya fi duka yi mini ciwo. Bayan haka mijina ya zo biko da goronsa da safarsa. Da muka keɓe, bai tambayi jikin Baba ba, ko jaririn bai ɗauka ba. Ya rage murya ya ce, "Duka suka kwashe, ko kin ɓoye mini ko guda?"

Ban koma Nguru ba. Ni na yaye ɗana, Baba ya koya masa jefa taru.

'Yan uwana mata, na gane cewa namijin da ya fi tausayin takarda a kan mutum, ranar tsanani mutum zai miƙa. Duk ƙunshin da miji ya ba ki ya ce kada ki faɗa wa kowa, ki kwance shi a gabansa ki tambaye shi wa za a ɗaure in an gani. Ni ban tambaya ba, aka ɗaure ubana.