Shafi Bakwai da Inna Ta Ƙone

Tun ina makarantar allo aka saba mini da rubuta Bismillah a saman kowane shafi. Har na kai ga neman digirin digirgir a lissafi ban daina ba. Wannan ɗabi'a ce ta cinye mini aikin shekara huɗu, ita da awakin gidanmu na Wurno.

Abin da nake nazari, ko 'yan'uwana malaman lissafi hamma suke yi in na fara bayani. Ɗauki fili kamar fadamar albasa ta Goronyo, wanda za a iya zana iyakarsa da aljebra. Ka ba kowane gurbi a cikinsa lamba, lambobin suna hawa suna sauka ba tsalle, kamar zurfin ruwa a fangalin lambu. Irin wannan rabon lamba ba ya ƙirguwa, kuma ana tara su, ana ninka su. Sai ka tambayi kowane rabo: sama da sifiri kake, ƙasa da shi, ko sifiri? Duk hanyar amsawa da ba ta ƙaryata kanta ba, ita ma gurbi ce. Guraben filin suna ciki, amma akwai wasu da ido ba ya gani, manne da bakin iyaka, kusancin da ba awon da zai kama shi. Yadda waɗannan ɓoyayyun ke jeruwa nake son in tabbatar.

Malamina a Sakkwato shi kaɗai ke iya karanta aikin, kuma saura wata biyar ya yi ritaya ya koma ƙasarsu. Mataki guda ya tsaya mini a wuya shekara biyu. Da aka shiga yajin aiki a jami'a na dawo gida, na baje takarduna a ƙasan ɗaki, kowace hujja a ƙarƙashin wadda ta haife ta, don da haka kaina ke aiki. Wata Laraba da hantsi matakin ya buɗe. Shafi bakwai na rubuta ban ɗaga kai ba. Ban kwafe ba, ban ɗauki hoto ba. Na ce gobe ma rana ce.

Da azahar aka aiko kawuna ya rasu a Rabah. Na ja ƙofa na tafi da niyyar kwana ɗaya. 'Yan bindiga suka tare hanya, direbobi suka ajiye motoci, na yi kwana huɗu.

Na dawo na tarar da ɗakin a share tas, har da turare. Inna, mahaifiyata, ta biyo ni tana murmushi.

"Ɗana, awaki sunka turo ƙohwa. Na ishe su bisa takardunka masu sunan Allah, sun tattake, sun yi kashi. Ina iya barinai hakanan? Sai da niy yi alwala kana nit tattara, niƙ ƙone, tokar na bizne ta inda ba a takawa."

Ban yi mata tsawa ba. Da me zan yi? Abin da ta koya mini ta yi. Na zauna a bakin gado. Da ta ga fuskata murmushin ya ɗauke.

"Mi niy yi? Wanda yab ba ka shina sake ba ka."

Sauran aikin na sake gina shi cikin wata biyu. Shafi bakwai ɗin suka ƙi dawowa. Na tuna farkonsu, na tuna ƙarshensu, tsakiyar ce ta ɓace. Har na fara zargin ko tun asali akwai kuskure a ciki, kuma wannan ya fi ƙuna, don ba yadda zan sani. Malamina ya jira iya jira, ya tafi. Yanzu ina koyar da lissafi a wata sakandare a hanyar Achida, kuma na daina yaudarar kaina cewa zan koma.

Inna kuwa ba ta daina tambaya ba. Duk zuwana gaisuwa, shekara tara, sai ta kawar da kai ta ce, "Ka tuno?" In ce tukuna. Ta bar shiga ɗakina, ko shara sai ta sa wani.

A ciwonta na ƙarshe ta kama hannuna, muryar da kyar take fita.

"Abin nan, ka tuno shi?"

Na ce, "Na tuno, Inna. Duka ya dawo."

Ta ce alhamdu lillahi, ta saki hannuna. Na yi wa Inna ƙarya tana bakin mutuwa, kuma har yau ban tuno ba.