Adamu Jibrin Uku, Kore Ɗaya

A ofishin wata ƙungiyar manoma da ke Tudun Wada, Zailani na zaune a benci yana kallon mutumin da aka ɗauko daga Kano da kwamfutarsa don rabon taki. Siriri ne, shaddarsa ta sha sitaci. Ya bar farcen ƙaramin yatsansa ya yi zaƙo-zaƙo, wataƙila don a san ya rabu da fartanya, amma har yanzu kanta na nan a tafin hannunsa.

Ya saita na'urar yadda duk sunan da ya maimaitu, na farkon zai yi kore, shi ke da buhu. Sauran, wai 'yan cuwa-cuwa ne.

"Ranka ya daɗe," in ji wani dattijo daga Burumburum, "Adamu Jibrin fa mu uku ne, kowa da ƙauyensa, kowa da gonarsa."

"Baba, kwamfuta ba ta ƙarya," ya ce, yana ƙwanƙwasa gilashin da farcen nan.

Zuciyar Zailani na tafasa. Masara na can tana jiran taki. Ga su nan su ukun tsaye a gaban mai kwamfutar, takalmansu a bakin ƙofa, amma ya ƙi ko ɗago kai ya dube su.